John Churchill, Duke na Marlborough: Janar Ɗin da Ba a Taɓa Cin Sa da Yaƙi Ba

Kusan duk ɗalibin da ya zauna a ajin tarihi ya ji sunan Winston Churchill, Firayim Ministan Ingila a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Amma ba kowa ya san an haife shi a shekara ta 1874 a wani katafaren gida da ake kira Fadar Blenheim ba. Gidan nan tukuici ne da ƙasar Ingila ta ba wani kakansa na can baya, saboda nasarar da ya ci a bakin Kogin Danube a shekara ta 1704. Sunan wannan kakan John Churchill, Duke na farko na Marlborough. Duke kuwa ita ce sarauta mafi girma a Ingila, in ka ɗebe ta gidan sarki.

Shekara goma cur, daga 1702 zuwa 1711, mutumin nan ya jagoranci rundunar Ingila da ta ƙawayenta a yaƙin da ake kira Yaƙin Gadon Sarautar Sifen. A cikin shekarun nan bai taɓa shiga babban fagen fama aka ci shi ba, bai kuma taɓa yi wa gari ƙawanya ya tashi bai ci shi ba. Duk da haka a ƙarshen 1711 aka tuɓe shi a wulakance, aka zarge shi da cin kuɗin jama'a, har ya bar ƙasarsa. To, yaya aka yi wanda Faransa da duk ƙarfinta ta kasa kayarwa ya zo ya faɗi a gida? Bari mu bi labarin daga tushe.

Ƙuruciyarsa

An haifi John Churchill a shekara ta 1650 a lardin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Winston, ya goyi bayan Sarki Charles na Ɗaya a yaƙin basasar Ingila. Da ɓangaren sarki ya sha kaye, sai aka ci shi tara mai nauyi, har ya zama dole ya kwashe iyalinsa su raɓe a gidan surukarsa. A cikin wannan rashi John ya buɗe ido. Masu tarihi da yawa suna ganin nan ne ya samo tsoron talauci da riƙon kuɗi, halin da bai rabu da shi ba har ya mutu.

Da aka maido da sarauta a 1660, sai al'amura suka ɗan gyaru. John ya yi karatu na ɗan lokaci a makarantar St Paul da ke Landan, daga nan ya zama yaron fada mai yi wa James, ƙanen Sarki Charles na Biyu, hidima. A 1667, yana da shekara 17, James ya samo masa muƙamin ƙaramin hafsa a rundunar da ke tsaron sarki.

Abin mamaki, a wurin Faransawa ya koyi yaƙi. A wancan lokaci Ingila da Faransa suna ƙawance a kan ƙasar Holan. A 1673 ya nuna jaruntaka wajen kewaye birnin Maastricht, har Sarki Louis na 14 na Faransa ya yaba masa. A shekara mai biye ya yi aiki a ƙarƙashin Turenne, babban janar na Faransa a zamanin. Louis bai san yana wasa wuƙar da za ta yanke shi ba ne.

Wajen 1677 zuwa 1678 ya auri wata budurwa mai suna Sarah Jennings. Iyayensa sun so ya auri mai dukiya, amma duk da son kuɗinsa, a nan dai zuciyarsa ya bi. Sarah tana da kyau da kaifin basira, tana kuma da kaifin harshe. Tun suna yara take ƙawance da Gimbiya Anne, 'yar James. Wannan ƙawance shi ya ɗaga gidan Churchill sama, shi ne kuma daga baya ya sauko da shi.

Tsakanin ubangida da bangaskiya

A 1685 James ya hau gadon sarauta. A shekarar nan wani ɗan ɗan'uwansa, Duke na Monmouth, ya tayar da tawaye, Churchill kuwa ya taka muhimmiyar rawa wajen murƙushe shi a yaƙin Sedgemoor. Sai dai akwai matsala. James ɗan ɗarikar Katolika ne, yawancin mutanen Ingila kuwa, har da Churchill, 'yan Furotesta ne, kuma suna tsoron sarki zai juya ƙasar da ƙarfi. A 1688 wasu manyan ƙasa suka gayyato William na Holan, mijin Mary 'yar James. Ya sauka Ingila da rundunarsa a watan Nuwamba.

James ya fito don ya tare shi, Churchill yana cikin manyan hafsoshinsa. Wani dare a sansanin Salisbury sai Churchill ya sulale ya koma wurin William, ya bar wa sarki takarda yana cewa addininsa da lamirinsa ne suka tilasta masa. Ba a daɗe ba James ya gudu Faransa.

Har yau ba a gama gardama a kan wannan dare ba. Wasu suna cewa ya fifita bangaskiyarsa a kan ubangidansa, kuma tafiyarsa ta taimaka aka kauce wa wani yaƙin basasa. Wasu kuwa suna cewa butulci ne ga wanda ya ɗauke shi tun yana yaro ya mai da shi mutum. Abin da ya ƙara ɓata masa suna shi ne, bayan William ya ba shi sarautar Earl na Marlborough a 1689, sai ya riƙa aika wa James saƙo a asirce, don ko da reshe zai juye da mujiya. William bai amince da shi ba. A 1692 aka tuɓe shi daga muƙamansa, aka kuma tsare shi makonni kaɗan a kurkukun Hasumiyar Landan a kan wata takarda da daga baya aka gane ta jabu ce. Shekara shida ya yi a gefe kafin sarki ya sake jawo shi a jiki a 1698.

Mafarin yaƙin gado

Kowa ya san yadda rabon gado ke raba zumunci, balle gadon daula. Sarki Charles na Biyu na Sifen mai yawan ciwo ne, kuma bai haihu ba. Daularsa kuwa ta haɗa da Sifen kanta, da ƙasar da yau ake kira Beljiyam, da manyan yankuna na Italiya, da yawancin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, da tsibiran Filifin. Gida biyu suka sa ido a kan gadon. Ɗaya gidan sarautar Faransa, wanda ya tsayar da Philip, jikan Louis na 14. Ɗaya kuma gidan sarautar Ostiriya, wanda ya tsayar da Charles, ɗan Sarki Leopold na Vienna.

Sarkin Sifen ya mutu a watan Nuwamba na 1700, ya bar wasiyya cewa Philip ne magajinsa. Louis ya karɓa. Sauran ƙasashen Turai suka ga in ƙarfin Faransa ya haɗu da dukiyar Sifen, babu mai sauran kataɓus. Louis ya ƙara hura wutar da kansa: ya tura sojojinsa suka mamaye garuruwa masu ganuwa na Beljiyam da ke kare iyakar Holan, kuma da James ya mutu a 1701, sai ya amince da ɗansa a matsayin sarkin Ingila. A watan Satumba na 1701 Ingila da Holan da Ostiriya suka ƙulla ƙawance a birnin Hague, kuma Marlborough ne ya wakilci Ingila a shawarwarin.

William ya mutu a watan Maris na 1702, Anne ta zama sarauniya. Nan da nan ta naɗa mijin ƙawarta shugaban dukan sojojinta. Amininsa Godolphin kuma ya riƙe baitulmali. Marlborough yana da shekara 51 a lokacin, kuma bai taɓa jan babbar runduna ba.

Aikin da ya tarar ba ƙarami ba ne. Rundunarsa gamin gambiza ce: ga Ingilishi, ga mutanen Holan, ga na Denmak, ga na ƙananan masarautun Jamus, kowa da harshensa da bukatar ubangidansa. Gwamnatin Holan kuma ta haɗa shi da wakilai farar hula waɗanda ke da ikon hana sojojinsu shiga yaƙi. Sau da yawa yakan shirya komai, abokan gaba suna gabansa, sai wakilan nan su ce a'a. Yakan koma tantinsa da ciwon kai mai tsanani, amma ba ya zagi, ba ya tayar da murya. Da sanyi ya shigo aka ajiye makamai, kamar yadda al'adar zamanin take, sai ya kama hanya daga wannan fada zuwa waccan yana lallashin sarakuna kada ƙawancen ya watse.

A 1702 ya ƙwace garuruwan Venlo da Roermond da Liège a bakin Kogin Meuse, sarauniya ta ba shi sarautar Duke. Murnar ba ta daɗe ba, domin a farkon 1703 ɗansa namiji tilo da ya rage, wanda ke karatu a Cambridge, ya mutu da ciwon agana.

Tafiya zuwa Danube

A 1704 ƙawancen ya kusa rushewa. Mai sarautar Bavaria, a kudancin Jamus, ya koma bayan Faransa, ga kuma tawaye a Hungary. Birnin Vienna ya shiga tsaka mai wuya, kuma in ya faɗi, yaƙi ya ƙare ke nan. Marlborough ya ƙudura zai kai ɗauki, amma ya san Holan ba za ta yarda ya yi nisa da iyakarta ba. Saboda haka ya ce musu Kogin Moselle zai nufa.

A watan Mayu ya tashi da mutum kamar 21,000, wasu kuma suka yi ta haɗuwa da shi a hanya. Ya bi gefen Kogin Rhine ya yi kudu. Faransawa suka zaci Moselle za shi, suka shirya, sai ya wuce. Suka zaci yankin Alsace zai faɗa wa, domin ya sa an kafa gada a kan Rhine, nan ma ya wuce. Kafin su farga ya juya gabas ya nufi Danube. Tafiyar mil 250 ce, wato kilomita 400, cikin kamar mako biyar.

Abin lura a nan shi ne yadda ya kula da mutanensa. Ana tashi tun da asuba, a yada zango kafin rana ta yi zafi. Kafin su isa kowane zango an riga an tanadi burodi da nama da ciyawar dawaki. Da kuɗi ake sayen komai, ba a ƙwace kayan talakawa, don haka manoma da kansu suke kawo kaya sansani. A birnin Heidelberg sojoji suka tarar da sababbin takalma suna jiran su. A zamanin da doguwar tafiya kan kashe sojoji fiye da harsashi, rundunarsa ta isa da ƙarfinta. Irin wannan kulawa ce ta sa sojoji suka laƙaba masa suna Kofur John, wato ko da yake shi ne babba, ya san damuwarsu kamar kofur ɗin da ke kwana tare da su.

A hanya ya sadu da Yarima Eugene na Savoy, janar ɗin Ostiriya. An haifi Eugene a Paris, amma da Louis ya hana shi aikin soja sai ya tafi ya yi wa Ostiriya aiki. Mutanen nan biyu suka shaƙu. Ba kasafai manyan janarori biyu ke zama inuwa ɗaya ba tare da kishi ba, amma su kam har ƙarshen aikinsu ba a ji kansu ba.

Ranar 2 ga Yuli aka ƙwace tudun Schellenberg da ke tsare mashigin Danube, bayan an yi asarar mutum kamar 5,000 tsakanin matattu da masu rauni. Daga nan Marlborough ya yi abin da ya zama tabo a tarihinsa. Don ya tilasta wa mai sarautar Bavaria ya rabu da Faransa, sai ya sa aka ƙone ɗaruruwan ƙauyuka da amfanin gonarsu. A wasiƙunsa ga matarsa ya nuna abin ba ya masa daɗi, amma dai shi ya ba da umurnin. Talakawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su suka kwana a waje, kuma dabarar ma ba ta ci ba.

Yaƙin Blenheim

Ranar 13 ga Agusta, 1704, rundunonin suka yi gaba da gaba kusa da wani ƙauye a bakin Danube wanda Ingilishi ke kira Blenheim. Marlborough da Eugene suna da mutum kamar 52,000, Faransa da Bavaria kuwa kamar 56,000, babban janar ɗinsu Tallard. Tsakaninsu akwai wani rafi mai fadama da ake kira Nebel. Kafin gari ya waye Marlborough ya ci Jibin Ubangiji, da safe kuma, yayin da ake jiran Eugene ya kai matsayinsa, aka yi sujada a gaban kowace runduna, igwa tana ta tashi.

Dabararsa mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar aikatawa. Eugene ya riƙe abokan gaba a hannun dama. A hannun hagu sojojin ƙasa na Ingila suka yi ta kai hari kan ƙauyen Blenheim. Hafsan Faransa da ke wurin ya firgita, ya tattaro sojojin da aka ajiye don ko-ta-kwana ya cusa su cikin ƙauyen, har suka cunkushe, wasu ma ba su da sararin ɗaga bindiga. Da haka tsakiyar rundunar Faransa ta zama ba ƙarfi. Shi kuwa Marlborough yana ta ƙetarar da mutanensa rafin sannu a hankali. Wajen la'asar sakaliya ya saki sojojin doki da na ƙasa gaba ɗaya a kan tsakiyar, ta kuwa ɓalle. Mahaya da yawa suka faɗa Danube suka nutse. Aka kama Tallard da kansa. Da dare ya yi, mutum kusan 10,000 da aka rutsa a ƙauyen suka ajiye makamai.

Ƙawayen sun yi asarar mutum kamar 12,000, abokan gabansu kuwa fiye da ninki biyu na haka in an haɗa da kamammu. Vienna ta tsira, Bavaria ta fita daga yaƙin, aka kuma karya camfin da aka daɗe ana yi cewa ba a cin sojojin Louis. Yana bisa doki Marlborough ya rubuta wa Sarah gajeren saƙo a bayan wata takardar lissafin kuɗin abinci, ya ce ta sanar da sarauniya. Tukuicinsa shi ne filin sarauta na Woodstock kusa da Oxford, da alkawarin gina masa fada da kuɗin gwamnati.

Ramillies da Oudenarde

Ranar 23 ga Mayu, 1706, wadda ta faɗo a Lahadin Fentikos, ya gamu da janar Villeroi a Ramillies cikin Beljiyam. Ya yi kamar zai kai babban hari ta dama, Villeroi ya kwashe sojoji ya kai can, shi kuwa sai ya zagayo da nasa ta bayan wani tudu ya auka ta ɗaya gefen. A tsakiyar fama dokinsa ya kayar da shi, saura ƙiris a kama shi. Yana cikin hawa wani dokin, sai harsashin igwa ya fille kan hafsan da ke riƙe masa likkafa. Kafin dare rundunar Faransa ta watse. Cikin 'yan makonni Brussels da Ghent da Bruges da Antwerp suka buɗe masa ƙofa.

Ranar 11 ga Yuli, 1708, shi da Eugene suka sake cin Faransawa a Oudenarde. A nan an ga amfanin haɗin kai a fili, domin shugabannin Faransa biyu, Vendôme da Duke na Burgundy jikan Louis, ba sa ga maciji da juna, har wani babban sashe na rundunarsu bai shiga yaƙin ba sam. Daga nan aka kewaye Lille, birni mafi ƙarfin ganuwa a arewacin Faransa, daga Agusta har Disamba kafin ya faɗi.

Sulhun da aka yi wa ƙafar ungulu

A farkon 1709 aka yi wani sanyi a Turai wanda ba a taɓa ganin irinsa ba a zamanin. Shuka ta mutu a gona, yunwa ta shiga Faransa, baitulmali ya ƙare. Louis, wanda a da ba ya sunkuyar da kai ga kowa, ya aiko neman sulhu, ya yarda da kusan duk abin da aka nema. Amma ƙawayen, da nasara ta hau musu kai, suka ƙara wani sharaɗi: in Philip ya ƙi barin Sifen cikin wata biyu, to, ko Louis ya taimaka a fitar da jikansa, ko a koma yaƙi. Louis ya ƙi, ya kai kuka ga talakawansa, su kuwa suka tashi tsaye. Marlborough yana cikin wakilan Ingila a shawarwarin. A asirce ya nuna shakkarsa game da sharaɗin, amma bai sa nauyinsa ya hana ba. Wanda ya iya karanta fagen fama kamar allo, ya kasa tsayawa ya ce ya isa haka.

Sakamakon ya zo ranar 11 ga Satumba, 1709, a Malplaquet. Janar ɗin Faransa shi ne Villars, wanda suka yi yaƙi a gefe ɗaya a Maastricht suna samari. Villars ya kafa mutanensa tsakanin kurmi biyu, ya haƙa ramuka, ya gitta itatuwa. Sojojin Holan da suka auka wa gefe ɗaya suka zube dubbai cikin ɗan lokaci kaɗan. A ƙarshe Faransawa suka janye, amma cikin tsari. Ƙawayen sun yi asarar mutum fiye da 20,000, Faransa kuwa kamar rabin haka. A takarda nasara ce, amma a Ingila mutane suka fara tambaya, jinin nan duka na mene ne?

Faɗuwa a gida

Yayin da yake can yana fama, ƙasa tana zaizayewa a ƙarƙashin ƙafarsa a Landan. Sarah ta riƙa yi wa sarauniya magana gatse-gatse, tana matsa mata a kan siyasa, ta manta cewa ƙawar ƙuruciya yanzu ita ce mai ƙasa. Anne ta gaji, ta mai da amincinta ga Abigail Masham, 'yar'uwar Sarah, wadda Sarah ɗin ce da kanta ta samo mata aiki a fada. Shi ma Marlborough ya yi kuskure babba a 1709, da ya roƙi a naɗa shi shugaban sojoji har iyakar ransa. Sarauniya ta ƙi, maƙiyansa kuwa suka samu abin faɗi, suka ce so yake ya fi ƙarfin sarauta.

A 1710 aka sallami Godolphin, jam'iyyar Tory mai son sulhu ta ci zaɓe. A farkon 1711 aka karɓe muƙaman Sarah. A watan Afrilu kuma Sarki Joseph na Ostiriya ya mutu, ƙanensa Charles, wanda ake yaƙin don a ba shi Sifen, ya gaje shi. Sai hujjar yaƙin ta raunana, domin haɗa Sifen da Ostiriya a hannu ɗaya bai fi haɗa ta da Faransa daɗi ba.

A wannan shekara Marlborough ya nuna gwanintarsa ta ƙarshe. Villars ya gina dogon shinge na ganuwa da ruwa wanda yake alfahari ba mai ƙetarewa. Marlborough ya yaudare shi, ya yi tafiyar dare, ya ƙetare kusan ba tare da asarar rai ba, ya kuma ci garin Bouchain. Amma gwamnati ta riga ta fara shawara da Faransa a ɓoye. Jonathan Swift, limamin coci kuma marubucin labarin Gulliver, ya fitar da wata ƙasida mai zafi yana cewa ana jan yaƙin ne don wasu su azurta. Aka zargi Marlborough da karɓar fam dubu sittin da 'yan kai daga 'yan kwangilar burodin soja, da kuma yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin sojojin haya. Ya amsa cewa al'ada ce da ya tarar, akwai kuma izinin sarauniya a kan kashi biyu da rabin, kuma da kuɗin yake biyan 'yan leƙen asiri. Akwai gaskiya a maganarsa, domin wanda ya gaje shi ma an bar masa irin wannan dama. Sai dai mutumin da kowa ya san shi da son kuɗi da maƙo, wa zai tsaya masa a irin wannan rana? A ƙarshen Disamba na 1711 sarauniya ta sallame shi. A 1712 ya bar Ingila.

Ƙarshen yaƙi da ƙarshen rayuwa

An ƙulla sulhu a Utrecht a 1713. Philip ya ci gaba da sarautar Sifen, bisa sharaɗin ba za a haɗa ta da Faransa ba. Beljiyam da yankunan Italiya suka fita daga hannun Sifen, yawancinsu suka koma na Ostiriya. Birtaniya ta samu Jibraltar da tsibirin Minorca da wasu yankuna a ƙasar da yau ake kira Kanada. Akwai kuma wani sashe na sulhun da ya shafe mu mu 'yan Afirka kai tsaye. An ba Birtaniya izinin kai bayi 4,800 kowace shekara, har shekara 30, daga Afirka zuwa ƙasashen da Sifen ke mulki a Amurka. Marlborough ba ya kan muƙami lokacin da aka rubuta wannan, amma yana cikin ribar da nasarorinsa suka jawo wa ƙasarsa. Ya kamata mu tuna da haka duk lokacin da muke karanta labarin jaruman Turai.

Anne ta mutu a watan Agusta na 1714, Marlborough ya komo gida, sabon sarki George na Ɗaya ya mayar masa da muƙaminsa. Amma ƙarfi ya riga ya tafi. 'Ya'yansa mata biyu suka mutu, ɗaya a 1714, ɗaya a 1716, kuma a 1716 ɗin ciwon shanyewar jiki ya buge shi har sau biyu, maganarsa ta sarƙe. Ya ɗan zauna a wani sashe na Fadar Blenheim, amma bai ga an gama ginin ba. Ya mutu ranar 16 ga Yuni, 1722, yana da shekara 72. Da yake bai bar ɗa namiji ba, ta wurin 'ya'yansa mata sarautar ta bi, har zuriyar ta kai ga Winston Churchill, wanda ya rubuta tarihin kakan nasa cikin littafi huɗu tsakanin 1933 da 1938.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwana ɗalibai, ba don mu yi sha'awar yaƙi aka kawo wannan labari ba. In mun duba da kyau, ba ƙarfin dantse ne ya ba Marlborough nasara ba. Haƙuri ne da mutane masu wuyar sha'ani, da shiri tun kafin ranar bukata, da kula da na ƙasa da shi har zuwa takalmin ƙafarsu, da iya aiki da tsaransa ba tare da hassada ba. Waɗannan halaye suna da amfani ga shugaban ɗalibai da malami da dattijon ikilisiya, kamar yadda suke da shi ga janar.

Abin da ya kayar da shi kuma ba igwar Faransa ba ce. Son tara dukiya ne, da neman tabbatar da muƙami har mutuwa, da yin shiru a ranar da ya kamata ya tsaya wa sulhu, da kuma jingina dukan rayuwarsa ga yardar mutum ɗaya. Littafin Karin Magana, sura 16 aya 32, ya auna mai mallakar kansa da mai cin birni da yaƙi, ya ce na farkon ya fi. Marlborough ya ci birane da yawa, ya kuma mallaki fushinsa fiye da yawancin mutane, amma akwai ɓangaren zuciyarsa da bai taɓa ci da yaƙi ba, kuma ta nan maƙiyansa suka shigo.

Masu barin makaranta a bana, wasunku za su riƙe muƙami wata rana, a ofis ko a soja ko a ikilisiya. Ku yi aikinku da himma irin ta Kofur John, amma ku tsare hannunku da sunanku, don ranar da za a nemi abin da za a kama ku da shi a rasa. Allah ya ba mu hikimar sanin inda za mu tsaya. Amin.